Sabis a Falo, Shiru a Cikin Gida: Nazarin Matsalar Wi-Fi a Wani Gida a Tumfure

Gidan da wannan nazari ya shafa yana unguwar Tumfure, a bakin garin Gombe ta hanyar Bauchi, kuma na Baffana ne, wanda ya yi ritaya daga aikin gwamnati ya koma harkar hatsi. Ƙorafin da aka kawo mini a cikin watan Maris gajere ne: an sayi rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet a gida ta Wi-Fi, mai ɗaukar layin waya, ana zuba mata data duk wata babu fashi, amma intanet ba ya aiki sai a falon maigida, can ɗin ma sai ya ga dama. Wadda abin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya ita ce babbar 'yar gidan, wadda ke karatu daga gida kuma take halartar darussa ta bidiyo, domin kullum sai ta ɗauko kujera ta zauna a bakin ƙofar falon mahaifinta, idan kuwa ya yi baƙi to darasin ranar ya wuce ta.

Kafin a kira ni an riga an kashe kuɗi sau uku. An fara da ƙara yawan datar da ake saye, bisa zaton cewa ƙarancinta ne ke jawo nawa. Daga nan aka sauya layin da ke cikin rautar zuwa na wani kamfani dabam. A ƙarshe aka sayo ƙaramar na'urar nan da ake cusawa a soket domin ta karɓi sigina ta maimaita ta, aka kai ta ɗakin Goggo inda matsalar ta fi tsanani. Babu ɗaya daga cikin ukun da ya sauya komai, har Baffa ya fara cewa ai hazon bana ne ya lalata sabis.

Fasalin gidan

Ba a fahimtar matsalar Wi-Fi sai an fahimci ginin da yake ciki. Filin gidan dogo ne, ƙofarsa tana fuskantar gabas. Daga shigowa akwai ɗakin samari a hannun dama, sai falon maigida da ɗakin kwanansa a hannun hagu, sai wata doguwar katanga mai ƙofar ƙarfe da ta raba waje da cikin gida. Bayan katangar akwai tsakar gida mai rumfar kwano, da tankin ruwa na roba a kan ƙafafun ƙarfe, sannan sashen iyali mai falo ɗaya da ɗakuna uku da kicin. Ginin duka na bulon siminti ne mai inci tara, an yi wa sashen maigida dakin da rodi domin ana da niyyar ɗora bene wata rana, sauran kuwa rufin kwano ne da silin. Kowace taga tana da ƙarafan tsaro da ragar sauro ta ƙarfe.

Rautar tana falon maigida, a cikin durowar da talabijin ke kai, a bene na ƙasa, kusa da dikoda da tarin wayoyin wuta, kuma an rufe mata murfi saboda ƙura da hannun jikoki. Daga inda take zuwa ɗakin Goggo akwai bango huɗu, da ƙofar ƙarfe, da rumfar kwano, da tankin ruwa a tsakani.

Sigina biyu ne, ba ɗaya ba

Abin da ya ruɗa mutanen gidan, kuma yake ruɗa gidaje da yawa, shi ne kalmar sabis da ake kira da ita abubuwa biyu mabambanta. Akwai siginar da ke tasowa daga ƙarfen sabis na kamfanin sadarwa zuwa rauta, wato 4G, akwai kuma wadda rautar ke watsawa da kanta zuwa wayoyi da kwamfutoci, wato Wi-Fi. Ta farko tana tafiyar kilomitoci a kan zangon da Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, NCC, ta ba kamfanoni lasisi, irin su megahaz 800 da 1800 da 2600. Ta biyu kuwa ba ta wuce 'yan mitoci, kuma tana tafiya ne a kan zangon gigahaz 2.4 ko gigahaz 5. Waya tana iya nuna Wi-Fi cike fal alhali rautar ba ta samun komai daga waje, haka kuma rauta tana iya samun 4G mai ƙarfi amma ta kasa isar da shi ɗaki na biyu. Sauya layi magani ne na matsalar farko kawai, kuma ko can ba koyaushe ba. Wanda ya sauya layi domin bango ya tare masa Wi-Fi ya bar jaki yana dukan taiki.

Saboda haka aikin farko shi ne a auna kowacce dabam. Sandunan da ke saman allon waya ba ma'auni ba ne da za a dogara da shi, domin kowane kamfanin waya da yadda yake zana nasa. Ma'aunin da ake amfani da shi shi ne dBm, lamba ce mai alamar ragi a gabanta, kuma gwargwadon kusancinta da sifili gwargwadon ƙarfin sigina. A Wi-Fi, -50 ƙarfi ne mai kyau ƙwarai, -67 shi ne kusan iyakar da masu wannan aiki ke ɗauka don kiran bidiyo ya tafi ba yankewa, daga -80 zuwa ƙasa kuwa waya za ta nuna ta haɗu amma da wuya ta buɗe shafi. Lissafinsa ba irin na kasuwa ba ne: raguwar 3 tana nufin ƙarfin ya ragu da rabi, raguwar 10 kuma tana nufin saura kashi ɗaya cikin goma.

Na sa wata manhajar auna Wi-Fi ta kyauta a wayar Android, na zana taswirar gidan a bayan takardar kalanda, na bi ɗaki ɗaki ina rubuta abin da na gani. A falon maigida, da murfin durowa a rufe, na sami -52. A tsakar gida, da zarar an wuce ƙofar ƙarfe, ya faɗi zuwa -71. A falon iyali -78, a ɗakin Goggo kuwa -84, wani lokaci ma ya ɓace ɗungurungum. Tazarar da ke tsakanin -52 da -84 talatin da biyu ce kacal a rubuce, amma ma'anarta ita ce abin da ke isa can bai wuce kashi ɗaya cikin dubu na abin da ake samu a falo ba. Da na bayyana wa Baffa wannan sai ya ce, "To ashe ba laifin hazo ba ne?" Na ce, "Baffa, ku yi wa hazo uzuri. A 'yar wannan tazara ƙurar iska ba ta rage Wi-Fi da abin a zo a gani. Ginin da kuka ƙarfafa saboda ɓarayi shi ne ya tare shi."

Maganar gaskiya ce. Siminti mai rodi a ciki yana shanye sigina, ƙarfe yana mayar da ita baya kamar yadda madubi ke mayar da haske, ruwa kuma yana cinye ta, shi ya sa tanki cike da ruwa yake zama kamar ƙarin bango. Ragar sauro ta ƙarfe ta fi kowa ɓarna a ɓoye, domin tsawon igiyar siginar gigahaz 2.4 kusan santimita 12 da rabi ne, ramukan ragar kuwa ba su kai rabin santimita ba, don haka a wajen sigina ragar ba ta da maraba da faifan ƙarfe, duk da cewa iska da haske suna ratsa ta.

Daga nan na juya ga sigina ta waje. A ƙarƙashin kowace rauta akwai takarda da aka rubuta adireshin shafin sarrafa ta, galibi lamba ce irin 192.168.0.1 ko 192.168.8.1, kuma a shafin akwai inda ake nuna ƙarfin 4G da ma'aunin da ake kira RSRP. A wannan ma'auni -80 ƙarfi ne mai kyau, -100 na lallaɓawa ne, -110 kuwa bakin gaɓa ne. A cikin durowa rautar tana samun -108. Wato matsalolin biyu ne suka haɗu a gida ɗaya, kuma durowar talabijin ce mahaɗarsu.

Abin da aka gyara ba tare da sayen wata na'ura ba

Na jona rautar da doguwar wayar wuta, na riƙa yawo da ita taga taga a sashen maigida, ina tsayawa kamar minti biyu a kowane wuri domin lambar ta daidaita. Tagar gabas ta falon, wadda ke kallon titi, ita ta fi, musamman idan an ɗaga rautar sama da kan mutum: a nan lambar ta koma -96, da aka buɗe firam ɗin ragar kuwa ta koma -91. Wannan ya nuna ƙarfen sabis ɗin da take kamawa yana ta wannan nahiya. Aka kira kafinta ya kafa ɗan katako a saman tagar, aka kuma sauya ragar wannan taga guda ɗaya da ta roba, wadda ke tare sauro ba ta tare sigina.

Fitar da ita daga durowa ya warware wata matsalar da ba a ma kawo ƙorafinta ba. A Gombe, a watannin Maris da Afrilu, zafi yana kaiwa digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, kuma na'urar da aka kulle a akwati tare da dikoda tana ɗaukar zafin da ya fi haka nesa ba kusa ba. Da na taɓa ta a ranar farko sai da na janye hannu. Irin waɗannan na'urori idan suka yi zafi sukan rage gudu da kansu ko su mutu su sake tashi, kuma wannan ne dalilin yankewar da ake yawan gani da azahar. Ƙurar hunturu ma ta toshe ramukan shan iskarta, a nan kam hazo yana da ɗan laifi, sai da aka kakkaɓe ta da busasshen burushi.

A shafin sarrafawa na tarar da na'urori 23 a haɗe, alhali da muka ƙirga na gidan duka, har da talabijin, ba su wuce 14 ba. Ba kutse aka yi ba. Yaran gidan ne suka ba abokansu, domin wayoyin yanzu suna nuna kalmar sirrin Wi-Fi a matsayin hoton da wani zai ɗauka da kyamara ya shiga nan take, kuma benci yana nan a ƙofar gida daidai jikin bangon falo. Aka sauya kalmar sirri zuwa doguwa, aka tabbatar tsaron yana kan tsarin kulle Wi-Fi da ake kira WPA2, aka kashe WPS, wato hanyar haɗa na'ura ba tare da rubuta kalmar sirri ba, aka kuma sauya kalmar shiga shafin sarrafawa wadda tun daga kanti ba a taɓa ta ba. Goggo ta so a bar wa maƙwabciyarta, saboda haka aka buɗe mata sashen baƙi da rautar ke da shi, wanda ake iya rufewa ba tare da an taɓa na mutanen gida ba.

Sai batun tasha. Zangon gigahaz 2.4 an raba shi tashoshi, amma suna hawa kan juna, uku ne kawai ba sa shiga hurumin juna: 1 da 6 da 11. Manhajar ta nuna rautocin maƙwabta huɗu, uku daga ciki a cunkushe a kan 6 da kewayenta, tamu ma tana can. Na mayar da ita 1, na kuma tsayar da faɗin tashar a megahaz 20. Na yi saurin wuce wannan domin a unguwa irin Tumfure, inda gidaje ke da fili a tsakaninsu, ribarsa kaɗan ce idan aka kwatanta da gidajen haya masu ɗakuna a jere a Pantami ko Bolari, inda kowane ɗaki ke da tasa na'urar.

Inda dole aka ja kebul

Bayan duk wannan, gudun intanet a falon maigida ya ninka, amma a cikin gida abin ya ƙara lalacewa, domin tagar gabas ita ce wuri mafi nisa daga sashen iyali. Wannan ita ce sarƙaƙiyar rauta mai layin waya: wurin da ya fi dacewa da kama 4G yana gefen gida, wurin da ya fi dacewa da watsa Wi-Fi kuma yana tsakiyarsa, ga shi na'ura ɗaya ce ba ta rabuwa biyu.

A nan ne ya kamata a yi bayanin abin da ya hana na'urar maimaita sigina aiki. Ba ta ƙirƙirar intanet, abin da ta ji shi take maimaitawa. An kai ta ɗakin da sigina ta riga ta mutu, saboda haka ta riƙa watsa Wi-Fi mai sanduna cike wanda babu komai a bayansa, abin da ya ƙara rikita mutanen gidan. Wurin da ya dace da ita shi ne tsakiyar hanya, inda sigina ke da sauran ƙarfi. Ko da an yi hakan, irin mai rediyo ɗaya tana karɓa ne sannan ta aika a kan tasha guda, don haka gudun da ke fita daga gare ta yakan ragu da kusan rabi. Na gwada ta a soket ɗin da ke ƙarƙashin rumfa, aka sami ɗan sauƙi a falon iyali, amma bidiyo yana ta tsayawa, kuma duk lokacin da aka rufe ƙofar ƙarfen nan sai komai ya tsaya cak. Gidan da ake rufe ƙofar tsakiya da magariba ba zai dogara da wannan ba.

Na yi tunanin na'urorin da ke tura intanet ta cikin wayoyin wutar gida, na ajiye tunanin, domin sashen maigida da na iyali ba a kan layin wuta ɗaya suke ba, ga kuma sauyawa tsakanin wutar gari da inbata da janareta. Na'urorin zamani masu zuwa biyu ko uku a kwali, waɗanda ke haɗa kansu kamar raga, suna da kyau, sai dai su ma ta iska suke magana da juna idan ba a ja musu kebul ba, bangon da ya tare ta farko shi zai tare su, ga tsada.

Abin da ya rage shi ne kebul ɗin intanet, wanda ke ɗaukar bayanai har tsawon mita 100 ba tare da raguwar gudu ba, kuma bango ko ƙofa ba su dame shi ba. Da na duba na'urar maimaitawar sai na ga tana da ramin kebul a gindinta da maɓallin da ke mayar da ita tashar watsa Wi-Fi mai karɓa ta kebul, don haka ba a bukaci sayen wata ba. Aka sayo kebul nau'in Cat6, aka ja mita 38 daga rautar, a cikin bututun roba irin na masu aikin wuta, ta ƙarƙashin bakin rufi inda rana da ruwa ba sa dukansa kai tsaye, nesa da wayoyin lantarki, har zuwa saman bangon falon iyali kusa da ƙofofin ɗakuna uku. Akwai abin lura a wajen saye: kasuwa cike take da kebul na alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a sama, yana da araha amma yana karyewa da wuri. Idan aka kankare silin wayar da wuƙa aka ga fari a ciki, to shi ne. Na farkon da aka kawo mana irinsa ne, aka mayar.

Aka ba na'ura ta biyu suna da kalmar sirri iri ɗaya da ta farko domin waya ta riƙa sauyawa da kanta idan mutum ya ratsa gida, aka ɗora ta a tasha 11. Sakamakon awo na biyu: falon iyali -45, ɗakin Goggo -58, ɗaki na ƙarshe -63, kicin -66. Ɗalibar ta yi darasin wannan daren a kan gadonta. Abin da ta ce kawai shi ne, "Hamma, ashe kebul ɗin da muke ganin na tsofaffin ofisoshi ne shi ne maganin."

Rautar gidan tana da zangon gigahaz 5, wanda ya fi gudu kuma ba shi da cunkoso, amma bango ya fi cin sa. An bar shi a kunne domin talabijin da kwamfutar da ke falo ɗaya da ita. Ga sauran gida ba shi da wani tasiri.

Wuta

Saura ɗauke wuta. Duk sanda aka ɗauke, ko aka juya zuwa janareta, na'urorin biyu sukan mutu, kuma rautar tana ɗaukar minti biyu zuwa uku kafin ta sake kama layi, wanda ya isa a fitar da ɗalibi daga aji. Rauta ba ta cin wuta, yawancinsu ba su wuce wat 10 ba a kan bolt 12, saboda haka ƙaramin batirin ajiya da aka yi musamman domin su yana riƙe ta sa'o'i. Aka saya wa rautar guda, ta biyun kuma aka mayar da soket ɗinta kan layin inbata. Wajibi ne a duba bolt ɗin da aka rubuta a jikin cajar kafin a jona, domin akwai masu 9 akwai masu 5, kuma kuskure a nan yana ƙone na'ura. Na kuma gargaɗe su cewa idan damina ta kama, a zare kebul ɗin daga na'urorin biyu duk lokacin da ake tsawa mai ƙarfi, tunda ya bi ta waje.

Abin da bai gyaru ba

Bayan mako biyu Baffa ya kira ni ya ce abin ya dawo, amma da daddare kawai. Na je da kwamfuta na jona ta da rautar kai tsaye ta kebul, domin a cire Wi-Fi daga lissafi, na auna gudu sau biyu. Bayan sallar asuba na sami megabit 27 a daƙiƙa, da ƙarfe tara na dare kuwa 4, alhali lambar RSRP tana nan inda take ba ta motsa ba. Idan ƙarfin sigina bai sauya ba amma gudu ya faɗi a lokacin da kowa ya dawo gida ya ɗauki waya, to cunkoso ne a kan ƙarfen sabis ɗin unguwa, kuma babu abin da za a taɓa a cikin gida ya gyara shi. Tumfure tana cikin unguwannin da Gombe ta fi faɗaɗa ta wajensu tun da ta zama babban birnin jiha a 1996, masu amfani da ƙarfe ɗaya suna ta ƙaruwa.

A wannan gaɓar ce sauya layi ke da ma'ana, kuma yanzu ana iya gwada shi bisa hujja: a ari layukan kamfanoni dabam-dabam, a sa kowanne a rautar a wuri ɗaya da ƙarfe tara na dare, a rubuta abin da ya bayar. Mun yi hakan dare uku, sai ga shi layin da aka cire tun farko, wanda aka ɗora wa laifin da ba nasa ba, shi ya fi riƙe gudu da daddare, aka mayar da shi. Wani abokin Baffa ya ba shi shawarar Starlink, mai kamawa daga tauraron ɗan'adam, wanda ya fara aiki a Nijeriya a watan Janairun 2023. A ganina zai kauce wa cunkoson ƙarfen unguwa, amma kuɗin kayansa da na wata-wata sun fi ƙarfin bukatar wannan gida, kuma da an saye shi tun farko aka ajiye rautarsa a falon maigida, da ɗakin Goggo yana nan yadda yake, domin bangon bai san daga inda intanet ya fito ba. Abin da aka yi a maimakon haka shi ne tsara lokaci: aka saita wayoyi da talabijin su daina sabunta manhajoji da kansu, manyan abubuwan saukewa kuma aka mayar da su bayan asuba.

Ɗakin samari ne kaɗai ya rage a -76, saboda motar da ake ajiyewa a tsakaninsa da falo da kuma ƙofarsa ta ƙarfe. Saƙo yana shiga, bidiyo ba ya tafiya. Akwai ragowar kebul mita 12 da zai kai can, na kuma gaya wa Baffa cewa aikin bai fi na awa ɗaya ba idan an sami wata ƙaramar na'ura. Ya ce in naɗe kebul ɗin in ba shi ya ajiye a ɗakinsa, sai yaran sun gama jarrabawar WAEC a sake maganar.